Kifin da ɗana ya ɗora mini a hannu

Shekarun baya, lokacin da gwiwoyina ba su fara yi mini gardama ba, muna zaune a Minguettes, can Vénissieux a gefen birnin Lyon, cikin wani dogon bene wanda asansar ɗinsa, na'urar hawa da mutane sama, ba ya aiki sai ya ga dama. Ni da mijina da yaranmu. Babbansu, ɗan farina, ya gama karatun lekol yana aiki a wani sito inda ake loda kaya a manyan motoci, yana jiran amsar wani aiki da ya nema a Paris. Labarinsa zan ba ku, ko in ce labarina da shi.

Amma ku fara sanin wace ce ni. Ni ɗiyar masunta ce daga bakin tafkin Madarunfa. Karatu sai da na haura arba'in na fara shi, a ajin manya na unguwarmu, ina cusa jikina cikin kujerar da aka yi don yara. Kifi kuwa tun ban iya ɗaura zane ba na san shi. Na kankare, na farke ciki, na jera a banda har hayaƙi ya zauna mini a gashi. In ana zancen tarwaɗa ko karfasa, babu wanda zai zaunar da ni ya koya mini. Haka nake ji da kaina, kuma har yau ban sauka ƙwarai ba.

To, yaron nan sai ya tsiri kamun kifi. Wani tsohon Bature ne ya koya masa, wanda suka yi aiki tare a siton kafin ya yi ritaya. Da na ji, raina ya yi fari, na ce jini ya motsa. Sai wata rana na fito daga kicin na tarar da shi a teburin cin abinci ya baza gashin kaza, da zare kala-kala, da wani ɗan ƙarfe mai riƙe ƙugiya, ya sunkuya yana ta naɗi.

Na ce, "Kai, mi ke nan kake ɗinki kamar tela?"

Ya ce, "Fara ce, Maman."

Na ɗauka na juya ta. Ga ƙafafu, ga fukafukai, har da idanu. Na ce, "Wagga fara ko ɗan Maraɗi mai yunwa ba ya kai ta baki."

"Ba ta mutum ba ce, ta kifi ce."

"Kifin ƙasar ga ba ya cin tana?"

"Yana ci. Amma mu ba ma sa koto. Da wannan ake yaudararsa, a ajiye ta kan ruwa kamar ta faɗo daga itace."

Na ce, "To Allah ya kyauta. Ga tana Allah ya zuba a ƙasa kyauta, kai kana ɗinka wa kifi abinci."

Kifin da yake bi, blak-bas suke ce masa. Ya ce mini akwai wani iri mai ƙaramin baki a kogunan Amirka, wanda yake mafarkin wata rana ya je ya kama, amma na kogin Saône, inda yake zuwa, mai babban baki ne. Mijina yana kallon talabijin, bai ko juyo ba ya ce, "Mai babban baki ai muna da shi a gida, ba sai ka je kogi ba." Na jefa masa matashin kujera.

Duk lokacin zafi, in Lahadi ta zo, yaron zai sa wandon roba mai kaiwa ƙirji cikin jaka, ya ɗauki doguwar sandar fatsarsa, ya ari tsohuwar motar ubansa ya tafi. Da la'asar ya dawo ya sha rana, yana murmushi, hannu wofi.

"Ina kifin?"

"Na sake shi."

"Ka sake shi, ko dai shi ya sake ka?"

Sai ya yi dariya ya wuce wanka. Ban taɓa tsayawa na tambaye shi dalili ba, don a ganina na sani. Mahaifina ma in ƙananan kifi suka shigo taru, yakan mayar da su ruwa su girma. Na ɗauka abin da yaron yake yi ke nan: ƙanana yake samu, yana jiran ranar babba.

Kuma akwai babbar. Yakan ba da labarinta a tebur. Tana zaune ƙarƙashin wani itace da ya faɗi cikin ruwa, tana da tsaga a wutsiya. Tsohon Baturen ne ya fara kama ta ya saki, ya nuna wa yaron wurin. Yaron ya raɗa mata suna Hajiya, wai don ƙiba gare ta kuma ba kowa take fitowa gaisarwa ba. A shekarar da nake ba ku labari tsohon ya kwanta ciwo, aka kai shi gidan kula da tsofaffi, ba ya iya zuwa kogi. Yaron yakan je duba shi. Duk wannan na ji shi da kunne ɗaya ina zuba miya.

Akwai abu biyu da ya kamata ku sani, in ba haka ba za ku ce mahaukaciya ce ke rubutu.

Na farko, a gidanmu akwai al'ada. Ranar da ɗa namiji ya kama babban kifinsa na fari, ba ya kai shi kasuwa, ba ya ba uba. Uwarsa yake nema. Ya durƙusa ya ɗora mata a hannu biyu. Ita kuma ta yi guɗa, ta yi bisimilla ta kashe shi da hannunta nan take don kada ya wahala, ta dafa, ta raba wa maƙwabta sadaka. Daga ranar an san ta haifi namiji. Na ga yayyena sun yi wa mahaifiyata haka, ina tsaye bayanta riƙe da ƙwarya, kuma na ga yadda fuskarta ta yi.

Na biyu, shi ɗan fari ne. Ba na kiran sunansa, ba na yabonsa, ba na zama in yi hira da shi yadda nake yi da ƙannensa. Kunya ce, haka aka rene mu. Mata a unguwa suna rungume ƴaƴansu a ƙofar lekol suna sumbata, ni kuwa "kai" ne da "wanga yaro". Shi a Lyon aka haife shi. Ban taɓa tunanin yadda abin yake sauka a ransa ba.

Sai amsar Paris ta zo, sun ɗauke shi, zai tafi ƙarshen hutu. A makon ya same ni a kicin, ya tsaya bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

"Maman, Lahadi za ki raka ni kogi?"

"In yi mi?"

"Ki gani kawai. Ina so ki ga Hajiya kafin in tafi."

Na ce, "Allah ya kai mu," na ci gaba da yanka albasa kamar ba a ce komai ba. Amma hankalina ya bar kan albasar. Na ce a raina, ashe yaron ga ya sani. Ashe ubansa ko wani ya gaya masa. Zai yi mini abin da yayyena suka yi wa uwarmu, a ƙasar Turawa, kafin ya bar gida. Tun ranar Asabar na daka yaji, na sayi tattasai da lemun tsami, na wanke babbar tukunya. Na naɗe leda na sa a jakata. Ban gaya wa kowa ba.

Muka tafi da sanyin safiya. Mun bar gari, mun bi gefen Saône, muka ajiye mota muka taka cikin ciyawa. Ni da atamfata da takalmin roba, ina ɗage zane ina mita. Amma da muka isa, mitar ta tsaya. Ruwan kwance yake, kore, mazari na ta shawagi, ga ƙamshin laka irin wanda na baro tun ina budurwa. Na zauna kan wani kututture kusa da ruwa.

Ya shiga har cinya. Ya fara kaɗa sandar, zaren mai kauri ya tashi sama, ya miƙe baya, ya dawo gaba, ya sake komawa, kamar ana rubutu a iska. Sai ya sake shi, farar ƙaryar ta sauka can nesa a hankali, ko ƙara babu. Gaskiya zan faɗa: ban taɓa ganin kamun kifi mai kyan kallo haka ba. Ban kuma taɓa ganin yaron nan haka ba. A gida kafaɗunsa kullum a tattare suke, a nan kuwa ya miƙe, ya cika wurin. Na so in ce masa wani abu. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ka yi hankali da itacen bayanka, kada ka kama shi maimakon kifi."

Ya kama ƙanana biyu ko uku, ya nuna mini ya saki. Na gyaɗa kai, daidai ne, su je su girma. Rana ta fara ɗagawa, na fara jin yunwa, sai ya matsa wajen itacen da ya faɗi. Ya juyo ya ɗora yatsa a leɓe. Ya jefa. Farar ta sauka dab da reshe. Ya bar ta har da'irar ruwan ta lafa, sannan ya ɗan ja ta, ta yi motsi kamar mai neman tsira.

Ruwan ya buɗe. Wallahi kamar an kifa ƙwarya a cikinsa. Sandar ta lanƙwashe, kifin ya yi tsalle ya girgiza kai, na ga farin cikinsa a rana. Ban san lokacin da na miƙe ba. Ina ta ihu, "Ja shi! Kada ya shiga itace! Kai, sassauta, zai tsinke!" Shi kuma yana cewa, "Na sani, Maman, na sani!" yana dariya kamar ƙaramin yaro.

Da kifin ya gaji ya jawo shi, ya kama leɓensa, ya zare ƙugiyar cikin ruwa. Ya duba wutsiya. Ga tsagar nan.

"Ita ce! Maman, ita ce! Zo, jiƙa hannunki."

Na durƙusa bakin ruwa na jiƙa hannu. Na ɗauka ladabi ne, kamar yadda ake wanke hannu kafin a karɓi abu mai daraja. Shi yana cikin ruwa, ni ina kan gaɓa, don haka daga ƙasa ya miƙo mini ita, da hannu biyu, kansa a ƙasa da nawa. Daidai yadda yayyena suka yi. Ya ce, "Riƙe ta da kyau," ya juya yana laluben aljihun rigarsa, inda ya sa ƴar na'urar ɗaukar hoto.

Nauyinta ya cika mini hannu. Sanyi, santsi, tana numfashi. Abin da na danne tun ranar da na haife shi ya taso mini. Na buɗe baki na rangaɗa guɗa, a bakin kogin Saône, har tsuntsaye suka tashi. Na kwantar da ita kan ciyawa, na ɗauki dutse, na ce bisimilla. Bugu ɗaya. Hannuna bai manta ba.

Na ɗago ina dariya, hawaye na zuba mini, na ce, "Allah ya yi maka albarka." Karo na farko ke nan da na faɗa masa haka ido da ido.

Yana tsaye da na'urar a hannu. Fuskarsa ba zan iya kwatanta muku ita ba. Ya ce, "Non. Non, non, Maman." Ya hauro da gudu, ya ɗauke ta ya mayar ruwa, yana riƙe da ita yana kai ta gaba yana dawo da ita, yana yi mata magana a hankali da Faransanci. In ya saki sai ta juya ciki sama. Ya sake kamawa. Ya daɗe yana yi.

Na ce, "Kai, mi kake yi? Ta mutu. Na iya aikina."

"Me ya sa? Me ya sa kika yi haka?"

"Kamar yaya mi ya sa? Ba kai ka ba ni ba?"

"Ki riƙe na ce! Hoto kawai!"

Ku da kuka san ni kun san ba na ja da baya in an ɗaga mini murya, balle ɗan da na haifa. Kunya ta kama ni, kuma ni kunyata faɗa take zama. Na ce, "Hoto? Ka huda bakin halittar Allah, ka wahalar da ita, don hoto? Ni da na kashe don a ci ni ce mai laifi? Kifi ne fa, ba kakarka ba!"

Ya naɗe zarensa. Na fito da ledata, ya kalle ta, ya kalle ni, ya gane tun daga gida na shirya. Muka kama hanyar Vénissieux.

Na dafa ta, don ba a zubar da abinci. Na raba wa maƙwabta kamar yadda ake yi, suna ta sa albarka, ina amsawa da amin bakina na ɗaci. Shi ya shige ɗaki. Mijina ya ci loma kaɗan ya ture kwano ya ce, "Ke dai, da kin tambaya." Na ce, "Kai ma ka fara?" Ya ce, "A'a, ni na gama."

Yaron ya tafi Paris, ya kama ɗan ɗaki a Belleville. Sandar fatsar ya bar ta ƙarƙashin gado. Yana kira, ba ya fashi, amma gaisuwa ce tsagwaronta. Lafiya lau, aiki da godiya, a gai da Baba. Ni ma ban ƙara komai a kai ba. Haka muka yi ta yi har zafi ya zagayo, ya sake zagayowa, bai zo ya ɗauki sandar ba.

Sai na je gida ganin dangi. Ana fige zabi a tsakar gidan yayana, na ga gashin nan mai ɗigo-ɗigo yana yawo a ƙasa, na tuna yaron ya taɓa cewa irinsa tsada yake a kantin masu fatsa. Na tsince masu kyau, na wanke, na shanya, matan gidan suna tambaya ko magani zan haɗa. Da na dawo ta Paris na sauka wurinsa. Ya haɗa mini shayi, na ajiye masa ƙunshin kan tebur.

Ya buɗe. Ya daɗe yana shafa gashin da yatsa. Sannan ya ce, "Maman, ranar nan, guɗar mece ce kika yi?"

Na dube shi. "Ba ka sani ba?"

"Ta ina zan sani?"

Sai na ba shi labarin yayyena da mahaifiyata, da durƙuson, da sadakar. Yana saurare, shayinsa ya huce. Ya ce, "Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

Na ce, "Ana faɗin irin wanga? Gani ake yi."

Ya ce, "A Minguettes zan gani? Daga hawa na nawa?"

Na ce, "To kai fa, mi kake so da ni a kogin?"

Ya ce hoton na tsohon ne, don ya ga Hajiya tana nan da ranta. Amma ba don hoto ya kai ni ba. "So nake ke ki sake ta. Ki sa hannu cikin ruwa, ki riƙe ta har ƙarfinta ya dawo, sannan ki buɗe. Akwai yadda take yi kafin ta tafi, takan ɗan tsaya cikin tafinka kamar ba ta yarda ba, sai ta buga wutsiya. Babu abin da na fi so a duniya kamar wannan. Na ce Maman ta san kifi fiye da kowa, amma wannan ba ta san shi ba. Shi kaɗai nake da shi da zan ba ki."

Na tambaye shi tsohon fa, me ya gaya masa?

"Na ce tana nan lafiya, ta ƙara ƙiba, hoton ne bai fito ba. Ya ji daɗi. Har ya rasu haka ya sani."

Na juya ina kallon taga, wai ina duba masu wucewa a titi. Ya ce, "Amma tsakani da Allah, Maman, ta yi daɗi?" Na ce, "Ƙaya ta yi mata yawa, tarwaɗa ta fi ta." Muka yi dariya har ya share ido, ni ma na share nawa, muka ce yajin shayin ne.

Daga ranar muka shirya, kuma shiri na gaske. Yanzu in ya kira sai batir ya mutu. Ya ce in zafi ya zo zai sauko Lyon mu koma kogi, akwai wasu kifayen. Zafin farko aiki ya riƙe shi. Na biyu aure. Daga nan haihuwa. Kafin ya samu sarari, gwiwoyina sun ƙi, ko matakalar tram, jirgin cikin gari, sai da dabara, balle gangaren kogi. Shi ma bai koma fatsa sosai ba. Gashin zabin yana nan wurinsa cikin kwalba, ƴarsa tana wasa da shi.

Kada wani ya zo yana yi mini wa'azi a ƙasan wannan rubutu. Har gobe ban yarda cin kifi laifi ba ne, kuma har gobe ina ganin huda bakin kifi a sake shi wani abu ne da sai mai ƙoshi. Ba mutuwar Hajiya ke damuna ba. Abin da ke damuna shi ne, ni da shi kowa ya je kogin nan ɗauke da mafi girman abin da yake da shi don ya ba ɗan'uwansa, kuma tafiyar motar da muka yi da safen ta ishe mu mu tambayi juna. Ni na iya yi wa kowa magana a duniya, daga mai gadin bene har likita, ban da wanda na fara haifa.

Ranar kasuwa nakan tsaya wurin masu kifi, in ɗaga wannan in ajiye, in duba ido in duba ciki, masu sayarwa sun san ba a yi mini wayo. Kifin da ya ratsa hannun nan nawa ba ya ƙirguwa. Amma ko ɗaya ban taɓa jin ya buga wutsiya ya bar tafina da ransa ba. Sau ɗaya aka kawo mini wannan har hannu, ni kuma ina neman dutse.